Miyar da Iya Ta Daina Kushewa

Tsakanin gidanmu da na Iya dangar kara ce, kuma a jikin dangar akwai wata kafa daidai ƙirjin mutum, wadda aka buɗe tun kafin a kawo ni gidan. Ta nan kwano yake wucewa. Kullum idan na tuƙa tuwon dare, nata nake fara kwashewa, in zuba miya, in rufe da faifai, in je bakin kafar in ce, "Iya, ga shi." Sai in ji takun sandarta, in ga hannunta ya leƙo ya karɓa.

Iya ba uwata ba ce, ba kuma uwar maigidana ba. Tsohuwa ce maƙwabciyarmu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyu sun riga ta, na ukun ya tafi kudu neman kuɗi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A zamanin ƙarfinta ita ce ungozomar unguwarmu. Ita ta yanke wa maigidana cibiya, ita ta yanke wa mai unguwa, shi ya sa kowa yake ce mata Iya, ita kuma ba wanda take jin nauyin gaya wa magana.

Gida uku muke ciyar da ita. Wani gida kunun safe, wani furar rana, mu tuwon dare. Amma kada wani ya ce sadaka muke ba ta, don da ta ji an faɗi haka da sai ta kife kwanon a kan mai faɗar. Ciyayya muke yi. Kwanonmu ba ya dawowa ba komai: yau ƙullin daddawar da ta yi da hannunta, gobe garin kuka, jibi ganyen zogalen da ke bayan ɗakinta. Kuma a wajenmu ba a yi wa ciyayya godiya. Wanda aka ba sadaka shi yake ɗaga hannu ya ce Allah ya saka da alheri. Abokin ciyayya kuwa sai dai ya ci ya faɗi ra'ayinsa, don shi ma gobe nasa za a ci.

Iya kuwa, wajen faɗin ra'ayi ba ta da na biyu. Shekaru na yi ina miƙa mata kwano ban taɓa jin ta yabi miyata ba.

"Ke 'yar nan," haka take kirana har na haifi 'ya'ya uku, "gishirin gidanku kyauta ake ba ku?"

"To Iya, tunda ba ta yi miki ba, dawo min da abata."

"Ai na riga na cinye, don kada ki ji kunya."

Wani lokacin har raina yake ɓaci, don ni ma ba ni da haƙuri, in koma madafa ina mita. Amma wallahi ranar da ba ta kushe ba sai in kasa sukuni, in leƙa in tambaya ko jikinta ne.

Sai shekarun fari suka zo. A shekarar farko ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ya fara ciki. A ta biyu ko nan bai kai ba, iya gwiwa ya tsaya ya ƙone. Mu kuwa yankinmu gona manne take da gona, gida na kallon gida, babu wani daji da mutum zai shiga ya samo abin kai wa baki. Ɗan ganyen da ya fito a bakin hanya mutum goma ne ke kallonsa. Maigidana yana da lambu a fadama, daga nan muke samun tumatir da alayyahu da rani, rijiyar lambun ta ƙafe har ya kwance jigon ban ruwa ya kawo itacen gida na yi girki da shi. Tuwo ya koma rabi gari rabi dusa. Duk da haka gidajen nan uku ba wanda ya daina aika wa Iya, sai dai abin ya ƙanƙance, malmalar da nake kwashe mata ta koma kamar dunƙulen hannun yaro.

Ita ce abin ya fara karyawa ta wani ɓangaren. Ɗorawa ba ta yi 'ya'ya ba, ba kalwa ba daddawa. Zogalenta an tsige shi har ya bushe. Wata safiya na tarar da kwanona a cikin kafar, an wanke shi da toka yana ƙyalli, ba komai a ciki, kuma ba ta kira ni ba.

Na ce, "Iya, yau ba magana?"

Ta amsa daga cikin ɗaki. "Gishiri ya yi yawa."

Miyar ranar ko gishirin kirki babu a cikinta. Na gane abin da ke damunta, na ce, "Haba Iya, shekara ce, kowa ya gani. Wa yake da abin sawa a kwano yanzu?"

Ta ce, "Na sani. Je ki yi aikinki."

Daga ranar kullum haka kwanon yake dawowa, a wanke tas, kuma kullum muryarta tana ƙara yin ƙasa. Tana dai kushe miyar, amma kana ji ka san ƙarfin hali take yi.

Ana cikin haka labari ya zo cewa wasu masu taimako suna zagaya ƙauyuka saboda tsofaffi. Buhun hatsi suke bayarwa da man girki, sannan duk ranar kasuwa a kawo wa tsoho kwandon kayan miya ɗanye daga gonakin bakin madatsar ruwa. Amma kayan ba su da yawa, don haka sharaɗinsu ɗaya ne: sai tsohon da ba wanda yake ciyar da shi. Kuma da kansu suke shiga gida su gani su tambaya. An ce a ƙauyen gabanmu sun tarar da kwanon tuwo a ɗakin wani tsoho, suka tambaye shi, ya ce maƙwabta ne suke aiko masa, suka yi masa sannu suka wuce.

Maza suka zauna a ƙofar masallaci bayan la'asar a kan maganar Iya. Ni ban je ba, maigidana ne ya dawo ya gaya min yadda aka yi. Wani ya ce a gaya mata idan baƙi sun zo ta ce ba ta da mai ba ta. Liman ya ce a'a, ba za a koya wa tsohuwar da ke bakin kabari ƙarya ba, su ma ba za su tsaya a gaban baƙi su shaidi ƙarya ba. Mai unguwa ya ce ko an koya mata ma ba za ta faɗa ba, kowa ya san Iya, sai ta zayyana musu gida uku da abin da kowane yake kawowa, har ta gaya musu wadda ba ta iya miya ba. Can wani ya kawo abin da duk suka ga kamar mafita ce: tunda ba za a yi ƙarya ba, a mai da maganar gaskiya. A dakatar da kwano daga gidajen uku har baƙin su zo su tafi, yadda idan an tambaye ta, abin da za ta faɗa gaskiya ne. Kuma kada a gaya mata dalili, don idan ta sani, shi ma za ta faɗa. An ce jibi za su iso.

Na ajiye muciya na dube shi. Na ce, "Malam, wa ya kawo wannan dabarar? Ku maza da rawunanku kun zauna, abin da kuka iya kenan? Ku bar tsohuwa da yunwa don ku tsira da gaskiyarku?"

Ya ce, "Kwana biyu ne fa."

"Kwana biyun a cikinka za a yi shi?"

Bai yi fushi ba, shi dama ba mai faɗa ba ne. Ya ce in zo in leƙa rumbu. Na ce ba sai na leƙa ba, ai ina ganin abin da yake auno min. Ya ce, "To gaya min, idan suka wuce ta saboda kwanonki, da me za ki ciyar da ita har kaka? Ga yara uku. Sauran gidajen ma saura kaɗan su kasa. Wannan buhun shi ne ranta."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi ƙona min rai kenan, har yau.

Ranar farko hannuna da kansa ya ɗauko kwanonta, sai da na kama mara zan kwashe na tuna. Na mayar da shi. Na daina bi ta gefen dangar, ko shara zan zubar sai in zagaya ta bayan turken akuya kamar ɓarauniya a gidana. Ina ta sauraron ta kira ni ta ce, ke 'yar nan, yau mutuwa kika yi? Da ta kira da na ji sauƙi. Ba ta kira ba. Ba kunu da safe, ba fura da rana, ba tuwo da dare, gida uku a rana ɗaya, kuma ba ta tambayi kowa ba.

Mazan nan sun yi tunanin cikinta, sun ce za ta iya jure kwana biyu, kuma ta jure. Abin da ba su yi tunani ba shi ne me za ta ɗauka ya faru. Mace ce da ta yi makonni tana mayar da kwano ba komai tana jin kunya. Me kuwa za ta ɗauka?

Jibi ta zo, baƙin ba su zo ba. Aka ce motarsu ce ta lalace. Aka sake cewa ta wancan ɓangaren suka fara. Kullum sai a ce gobe, kullum maza su ce tunda an fara a ƙarasa, kada wahalar ta tafi a banza. Da yamma ina ganin ɗan hayaƙi yana tashi daga gidanta, ina jin warin busasshiyar tafasa da aka dafa ba daddawa ba mai. Wata rana na ji ƙarar turmi, bugu ɗaya, ta huta, ta yi tari, ta sake bugu ɗaya. Dusa take kirɓawa. Nan haƙurina ya ƙare. Na kwashe tuwo, na zuba miya, na je na sa a kafar, na ce, "Iya, ga shi."

Turmin ya tsaya. Ban ji takun sanda ba.

"Iya."

Ta ce, "Ki ba yara."

"Don Allah, Iya, ki karɓa."

"Na ce ki ba yara. Kun yi daidai. Ko ni ce haka zan yi."

Ba da fushi ta faɗa ba, da ta yi fushi da na san yadda zan yi da ita. Kwanon ya kwana a kafar. Na ce wa maigidana gobe da safe zan zagaya in gaya mata komai, in ya so mai unguwa ya kai ni ƙara duk inda zai kai ni. Ban ga alamar zai hana ba.

Da hantsi ina neman mayafina na ji ƙarar mota. Su ne. Mai unguwa ya yi musu jagora, liman da maigidana na biye, suka yi sallama suka shiga gidan Iya. Na cire kwanon jiya daga kafar, na sa idona.

Maza biyu ne da mace ɗaya. Macen yarinya ce 'yar birni, kuma ba zan yi mata ƙarya ba, tana da tarbiyya. Ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Iya na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa biki, don ta ji baƙi. Na ga yadda wuyanta ya rame a 'yan kwanakin nan.

Yarinyar ta ce, "Iya, wa yake ciyar da ke?"

Ta ce, "Allah."

"Haka ne, Iya. Amma a cikin mutane, akwai mai aiko miki da abinci? 'Ya'ya ko dangi ko maƙwabta?"

Iya ta ɗaga kai ta dubi mai unguwa, ta dubi maigidana, mutanen da ta wanke ranar da suka zo duniya. Duk suka sunkuyar da kai. Sannan ta juyo ta dubi kafar dangar. Na san ta ga idona.

Ta ce, "Da akwai. Yanzu babu." Ta ƙara da cewa, "Ba laifinsu ba ne, shekara ce. Ba ni da kowa, 'yata."

Na koma madafa na toshe bakina da zani na yi kuka. A waje kuwa ina jin ana sauke buhu da kwandon kayan miya, ina jin mazan suna alhamdu lillahi, an dace, ba wanda ya yi ƙarya.

Bayan la'asar na ji ana taɓa dangar. Na je na tarar da tsohon akushinta a kafar, cike da tumatir da albasa da attaruhu, ƙarƙashinsu hatsi. Rabon da in ga jan tumatir haka har na manta. Daga can ta ce, "Ga na kwanakin da kwanonki ya koma ba komai."

Ban tsaya neman izinin kowa ba. Na yafa mayafi na zagaya na shiga, na zube a gabanta na gaya mata komai, zaman da aka yi, da abin da liman ya ce, da abin da mai unguwa ya ce, da rumbunmu, da motar da ta lalace. Na ce, "Iya, wallahi ba don kwano yana dawowa ba komai ba ne. Don ki samu aka yi. Ba wanda ya gaji da ke."

Ta saurare ni har na gama, tana murza carbinta. Sannan ta ce, "To. Kun yi dabara."

"Ki yafe mana."

"Me zan yafe? Ga buhu nan." Ta nuna shi da haɓa. "Sai dai da bakina na faɗa a gaban baƙi ba ni da kowa. Kuma lokacin da na faɗa, ban ji a raina ƙarya nake yi ba. Kwanakin nan na zauna na duba, na ga ashe haka ne."

Na ce ba haka ba ne, na rantse, na sake rantsewa. Ta ce in tashi in tafi kada tuwona ya kama.

Washegari gidajen uku duk muka dawo da kwano. Na yi miya da tumatir ɗinta, na kai bakin kafar, ina tsoron kada ta ƙi. Ta zo, ta sa hannu biyu ta karɓa. Da hannu ɗaya take karɓa a da. Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Allah ya ba da lada."

Na ce, "Iya, me kika ce?"

Ta sake faɗa, a hankali, ta juya ta tafi.

Taimakon nan ya yi mata amfani, ba zan ɓoye ba. Duk ranar kasuwa kwandon yana zuwa, fuskarta ta ciko, tarin ya ragu, ta ga bayan yunwar da ta kashe tsofaffi da yawa a ƙauyukanmu. Mu ma mun sami sauƙi, don akwai ranakun da ba mu da abin miƙawa kuma mun san ba za ta kwana da yunwa ba. Idan na tayar da maganar, maigidana sai ya ce, "Amma tana raye." In ce eh, tana raye. Liman da kansa ya je ya ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ta yi masa addu'a shi ma.

Amma ba ta sake sa komai a kwanona ba. A wanke yake dawowa. Kayan miyan da suka yi mata yawa zama take a ƙofar gida ta raba wa duk wanda ya wuce, tana cewa sadaka ce, a yi wa mijinta da 'ya'yanta addu'a. Ni kuwa kullum in miƙa, kullum ta karɓa da hannu biyu ta yi min addu'a. Na tsokane ta iya tsokana. Na ce ta tsufa harshenta ya mutu. Na ce daddawar kasuwa ta fi tata. Sai ta yi murmushi ta ce haka ne.

Damina ta dawo, aka yi kaka mai kyau, rumbu ya cika, maigidana ya sake kafa jigo. Masu taimako suka tattara suka tafi, mu muka ci gaba da riƙe ta kamar da. Ta rasu da ranin da ya biyo, a hannuna, ni na yi mata wanka tare da matan sauran gidajen biyu. Yanzu ni ma na kai shekarunta, haƙorana sun zube, ni ake miƙo wa kwano. Idan na tuna ta ba ranar rasuwarta ce take zuwa min ba, wata yamma ce bayan girbi.

Ranar na yi miyar kuka da tuwon sabon gero, har da ɗan nama. Na zuba nata a kwano, na tsaya ina kallonsa, sai na ɗebi gishiri cikin tafin hannuna na zuba a ciki na juya. Na ɗanɗana, ko akuya ba za ta lasa ba. Na kai mata, na dawo na zauna a gindin dangar, ban ci nawa ba, ina jira. Na ce yau dai dole ta yi magana. Ko zagina ta yi, ko ta jefo min kwanon, duk ina so.

Na ji ta buɗe faifan. Na ji ta yi bisimilla. Ta daɗe tana ci, tana tsayawa tana shan ruwa, tana ci gaba. Sannan na ji ƙarar wanke kwano, na ji takun sanda, hannunta ya leƙo ta kafar. Na karɓa. Ta cinye tas.

Ta ce, "Allah ya saka da alheri, 'yar nan."